Rasuwar Saje, Injin Wankin Gidan Kassim Mahauci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu mai ɗinki bakwai, ni Ayishetu, matar marigayi Kassim Mahauci na Nima (sunan da bakina bai taɓa kira ba sai dai alƙalami), nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki na Nima da Maamobi da Kokomlemle rasuwar injin wankin gidanmu, wanda kowa ya sani da suna Saje. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, gab da la'asar, a tsakar gida, yana bakin aiki, ni kuma ina zaune a kansa. Shekararsa ashirin da tara a hannunmu. Waɗanda ya yi a ƙasar Turawa kafin jirgin ruwa ya sauke shi a Tema, Allah kaɗai ya san yawansu.

Limamin unguwarmu ya ce ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa salla, ba a yi masa zaman makoki. Na yarda da malam, ban yi musu ba. Amma bai ce kada in rubuta ba.

Marigayin gajere ne, kakkaura, jikinsa duk ƙarfe, fari ne a da kafin ya koma launin haƙorin mai cin goro. Yana da tukunya biyu, ɗaya ta wanki, ɗaya ta matse ruwa. A samansa akwai abin murɗawa guda biyu da muke kira kunnuwansa, kuma bayan kowane kunne akwai ɗan agogo irin wanda ake murɗawa da hannu. Iyakar iliminsa ke nan. Ka murɗa masa kunne ya ce ƙarrr, ya soma ƙirga lokaci, cak, cak, cak, tukunya ta kama juyi, wuu-jub, wuu-jub, in lokaci ya cika ya buga ƙararrawa, tin, ya tsaya. Kunnen hagu ya karye tun 'yata Mubarika tana makarantar firamare. Daga nan da filaya muke kama guntun ƙarfen da ya rage mu murɗa, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba zan yi masa shaidar zur ba: Saje ba mai haƙuri ba ne. Mai gidana ne ya raɗa masa wannan suna, domin da zarar an kunna tukunyar matsa sai ya soma fareti. Dum-dum-dum-dum, ya tashi daga gindin bango ya nufi ƙofar gida, duk abin da ya tarar a hanya nasa ne. Ya fasa min randa biyu. Ya murƙushe 'yan tsaki uku a rana guda. Ya karya wa mai gidana ɗan yatsan ƙafa, mutumin da ya shekara talatin yana kayar da bijimai ba wanda ya taɓa taka shi. Har yau akwai rami a bangon kicin daidai tsayin gwiwa, aikinsa ne. In kuwa ka kuskura ka taɓa shi ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, zai ba ka wutar da za ka tuna sunayen kakanninka na wajen uwa da na wajen uba.

Don haka muka kafa masa doka biyu. Ba a kusantarsa sai da silifa na roba, kuma ba a matsa sai wani ya zauna a kansa. Shekara da shekaru mai gidana ne mai hawa. Zai dawo daga mahauta, ya haye da kofin shayinsa, kumatunsa na rawa, haƙoransa na kaf-kaf, yana ba ni labarin kasuwa ban jin ko kalma ɗaya. Da ya rasu sai hawan ya dawo kaina. Mu ma ba mu raga wa Saje ba. In ya tsaya yana gurnani ya ƙi juyawa, maganinsa shuri ɗaya a haƙarƙarin dama, ƙasa kaɗan da tambarin da ya goge. Mun doke shi, ya doke mu, ba wanda ya taɓa kai ƙarar wani.

Amma ku ji halayensa na kirki, ku da kuka zauna a Nima kun san darajarsu. Famfon layinmu yana zuwa ran da ya ga dama, Saje bai taɓa tambayar famfo ba. Ruwan jarka, ruwan sama, ruwan da aka ɗauraye shinkafa, duk abin da aka zuba masa da bokiti shi ne abincinsa. In wuta ta yi rauni har ƙwan lantarki ya koma ja, sai ya rage sauri ya ci gaba da nishi. A shekarun dumso, lokacin da wuta ke ɗaukewa ta dawo yadda ta so, in ta ɗauke sai ka ɗaga murfi ka kwashe kayanka, in ta dawo ka sake murɗa kunne. Bai taɓa riƙe wa mutum riga ba. Sau ɗaya ruwan kwata ya yi ambaliya ya shanye shi har wuya. Husseini mai gyara ya kwance shi, ya shanya a rana kwana uku, ya yanko masa bel daga tsohon injin niƙa, ran na huɗu ya koma fareti.

Babbar falalarsa kuwa jahilci ce: bai iya dafa ruwa ba. Duk matar mahauci ta san jini ba ya son ruwan zafi. In ka zuba wa rigar jini ruwan zafi ka dafa shi ke nan, ya zauna a zare har rigar ta mutu. Ruwan sanyi da gishiri ake fara ba shi. Rigunan mai gidana na dawowa sun sandare da jini da kitse, har suna iya tsayuwa da kansu, Saje ya lakaɗa musu duka da ruwan sanyi su fito fes. Fiye da shekara ashirin yana cin jinin shanu, bai taɓa barin tabo ba.

Yanzu sai na faɗi abin da ya fi min ciwo, domin sanarwar da ba gaskiya a cikinta ba ta da amfani. Ni na ci amanarsa. Wata takwas da suka wuce surukina Sharfuddeen, mijin Mubarika, ya kawo min sabon inji a bayan mota, wai don ya hutar da ni. Mutumin kirki ne, direban tirotiro, motar haya, ladabinsa har yana ba ni haushi. Injin kuma tsohon hannu ne daga Jamus, mai ƙofar gilashi a gaba, da ɗan allo mai haske, da maɓallai goma sha, da rubutun da duk Nima ba mai karanta shi. Maƙwabta suka sa masa suna Borga, yadda ake kiran wanda ya dawo daga Turai yana yatsina. Kyautar suruki ce, ba a mayar da ita, ba a ma kushe ta. Na yi godiya, na sa aka tura Saje bayan kicin, inda ruwan indararo ke zuba. Aka ɗora masa buhun gawayi, kaza ta yi ƙwai a tukunyar wankinsa. Kullum ina wucewa ta gefensa in kau da kai.

Borga kuwa ya nuna mana asalinsa. Ba ya shan ruwan bokiti, sai da aka ɗaura masa tanki a kan katako. In wuta ta yi rauni ya ce pi-pi-pi ya rubuta wani abu a allonsa ya yi zaune. In ta ɗauke ya kulle ƙofa da kayanka a ciki, ka tsaya kana kallon zanenka ta gilashi. Sau biyu Husseini ya buɗe bayansa, ya dubi koren falankin da ke ciki, ya mayar ya rufe ya wanke hannunsa. Ya ce shi ya iya gyaran abin da ke motsi, wannan kuwa tunani yake yi.

Ga yadda ajali ya zo. A gidanmu akwai wani farin zane na saƙi, mai kauri, wanda mahaifiyata ta zo da shi daga Bawku a kanta. A cikinsa aka fito da ni ranar sunana, a cikinsa na fito da 'ya'yana, kuma uwar mai jego ce ke ajiye shi. Sau biyu na ciro shi daga akwati saboda Mubarika, sau biyu na mayar, domin 'ya'yanta biyu na farko ba wanda ya kai kwana bakwai. Wannan na uku, namiji, ya kai. Ranar Lahadi ce sunan, a gidana, inda take wankan jego. Na san zane ba ya tsare rai, Allah ke tsarewa. Amma ban ga uwar da za ta tsaya tana yi wa 'yarta wannan wa'azi a irin wannan rana ba.

Da safe maza suka taru, aka raɗa wa yaro sunan mai gidana, aka kayar da rago. Da mai gidana na da rai, da hannu ɗaya zai danne shi. Abokan Sharfuddeen kuwa direbobi ne, sitiyari suka iya riƙewa. Wuƙa na wucewa suka saki. Ragon nan ya miƙe da yankakken wuya, ya bi tsakar gida da gudu, jini na tsartuwa hagu da dama, ya ture tukunyar koko, ya bangaje wani dattijo, ya je ya faɗi a ƙarƙashin igiyar baranda yana shure-shure. A kan igiyar nan na rataye zanen don ya sha iska, warin kafur ya fita. Kafin in isa ya zama ja tun daga tsakiya har geza.

Mubarika ta leƙo ta taga ta gani. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Mma, in babu zanen ni ba na fita da shi. Sau biyu kin mayar da shi akwati." Mata kuwa bayan la'asar za su cika gida, a lokacin ake fito da jariri.

Sharfuddeen ya rigaye ni, kunya ta ishe shi. Ya fizge zanen ya cusa a cikin Borga. "Mma, bari ni yi. Wannan mashin, in ka sa babban namba, shi ne yake wankewa da kyau." Ya danna har allon ya nuna casa'in. Ni ban san casa'in ɗin mece ce ba, na ɗauka mintoci ne. Kuma ko da na yi shakka, suruki ne, a gaban abokansa, ba zan ce masa matsa ba. Na koma wajen tukwane.

Maƙwabciyata Amama ce ta gano. Ta jingina da injin tana ɓare albasa, sai ta yi tsalle. "Ei, Ayishetu, zo ka taɓa. Gilashi ya yi zafi kamar koko." Na taɓa, ashe casa'in ɗin nan zafin ruwa ne. Dafa jinin yake yi. Na danna duk maɓallan da ke jikinsa, ya ce pi-pi-pi. Na zare waya daga bango, ya yi shiru, ƙofa a kulle. Na mayar da waya, ya ɗora daga inda ya tsaya, yana ƙara wuta. Na sake zarewa. Muka kira Husseini, ya ce yana cikin mota daga Kasoa, hanya ta cushe. Aka gwada wuƙa, aka gwada cokali, aka gwada sukundireba. Sharfuddeen ya durƙusa yana lallashin ƙofar, yana cewa a ƙara minti biyar wataƙila ta buɗe da kanta. Haka muka yi ta ƙara minti biyar har aka kira azahar, zanen mahaifiyata na kwance cikin ruwan zafi ina kallonsa.

Ban san lokacin da na ɗauko taɓaryar sakwara ba. Na dai ji bakina yana ce wa surukina, wanda ban taɓa ɗaga wa murya ba, "Tashi daga nan ko in haɗa da kai." Dukan farko taɓarya ta dawo ta same ni a haɓa, na ji gishirin jini a bakina. Na biyu ya farfasa allon. Na uku gilashin ya tsage. Na huɗu ya tarwatse, ruwan zafi ya kwararo min a ƙafa, na watsar da silifa, na zura hannu ta cikin ramin na jawo zanen. A nan na samu ɗinki bakwai. Na ƙara masa duka biyu bayan zanen ya fito, waɗannan ba su da wani dalili, kuma ban yi nadamarsu ba.

Amama da mata uku suka baza zanen a babban baho, suna tsince gilashi, suna zuba gishiri da ruwan sanyi. Amma saƙi ne, in ya sha ruwa mutum biyu ke ɗaga shi, ga hadari ya rufe rana. Ko an wanke da hannu ba zai bushe ba sai gobe. Na ɗaure hannuna da ɗankwali, na zagaya bayan kicin.

Muka sauke buhun gawayi, muka kori kaza, muka jawo shi tsakar gida. Tsatsa ta cinye masa ƙafa ɗaya, ɓera ya ɓare masa waya. Sharfuddeen ya haɗa wayar ya naɗe da salatif. Aka zuba jarka biyu. Na kama guntun kunnen da filaya na murɗa. Ƙarrr. Cak, cak, cak. Bayan wata takwas a ƙarƙashin indararo, agogon nan bai ɓata ko daƙiƙa ba. Tukunya dai ta ƙi motsi, sai gurnani. Na ce masa a zuciyata ya yafe min, sannan na ba shi shurinsa a haƙarƙarin dama. Wuu-jub. Wuu-jub. Ruwa ya koma ja, muka zubar, muka sake, ya koma ruwan hoda, muka sake, ya fito fari.

Saura matsa. Na cusa zanen a tukunya ta biyu, na rufe, na haye, na murɗa minti biyar. Sai da ya tashi na tuna ba takalmi a ƙafata, kuma simintin duk ruwa ne. Ya ba ni wuta tun daga dunduniya har ƙeya, na ɗage ƙafafu na riƙe gefensa. Dum-dum-dum-dum. Bai taɓa fareti irin na ranar ba. Da ƙafa uku ya ja ni daga bakin kicin har tsakiyar gida, mata na darewa, ya take kwanon waina, ya daki turmi. A minti na uku muka ji ƙaurin roba. A na huɗu hayaƙi ya soma fitowa ta ƙarƙashin zanena, ƙarfen ya yi zafin da zama ya gagara, amma na zauna. Sharfuddeen ya nufi bango zai zare waya, na dube shi, ya dawo. Ƙarar ta sauya, ta koma kururuwa, wani abu ya fashe a cikinsa kamar an harba bindiga. Tukunya ta ci gaba da juyi da sauran ƙarfinta, tana raguwa, tana raguwa. Cak, cak, cak. Tin.

Zanen ya fito da ɗan danshi kawai. Amama ta bi shi da dutsen guga na gawayi. A kusurwa ɗaya akwai tabo mai launin shayi, faɗin tafin hannu, inda Borga ya riga ya dafa, wannan ba zai fita ba har abada. Muka naɗe shi ta ciki. Bayan la'asar Mubarika ta fito da ɗanta a cikin zanen kakarta, mata suka yi guɗa, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukan da na shekara uku ina riƙewa, tun rasuwar mai gidana.

Husseini ya iso ana rabon tuwo. Ya kwantar da marigayin, ya buɗe bayansa, ya shinshina, ya cire hularsa. "Mma, kafra, ki yi haƙuri. Koyil, naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone duka, ya narke. Wannan ba gyara."

Marigayin ya rasu ya bar filaya ɗaya, abokiyar zamansa ta shekara goma sha takwas, da bokitai biyu, da jarkoki huɗu, da tiyo mai faci uku. Ya bar ramin bangon kicin. Ya bar safa marasa 'yan'uwa da ba a san adadinsu ba, waɗanda aka tarar a cikinsa wajen binciken gawa. Ya bar ni, da jariri ɗan kwana goma sha ɗaya wanda ba zai san shi ba. Borga ba ya cikin magada. Yana nan a baranda da fasasshiyar fuska, Sharfuddeen na neman wanda zai karɓe shi, kuma tun ranar in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake durƙusawa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da hantsi daga gidan marigayin, layi na biyu bayan masallaci. Masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo da amalankensu. Na san abin da ake yi a can: da guduma za su fasa shi, su zare jan ƙarfen cikinsa, su ƙone sauran. Na roƙe su abu biyu, kada su jefa shi, su ɗora shi a tsaye, kuma kada guduma ta taɓa shi sai sun fita daga Nima. Masu rakiya za su tsaya a bakin titi. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida har azahar, akwai koko da ƙosai. Duk wanda ya zo da niyyar ce min ai dama ya tsufa, ko ya kawo min labarin wani sabon inji mai magana, ya sani taɓaryar tana nan bayan ƙofa.

Abu ɗaya ba za a tafi da shi ba. Na sa Husseini ya ciro min agogon bayan kunnen hagu, da ƙararrawarsa, ya ce wannan ba ruwansa da lantarki. Yana nan a kan akwatin da zanen yake. Jiya da rana gida ya yi shiru, na ɗauko filaya na murɗa shi don in gani. Ya yi minti biyar ɗinsa cif, ya ce tin. Sai da na kai tsakar gida da baho a hannu, zan kwashe wanki, sannan na tsaya.